Yadda ake ƙera wa tsohuwar mota sabon jiki a kudancin Kano

A ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, mota abokiyar noma ce. Ita ke kai taki gona da damina, ita ke kwaso masara da shinkafa da kaka, ta bi da su ta Kwanar Dangora zuwa kasuwannin Kano. Da yawa daga cikin waɗannan motoci tsofaffin a-kori-kura ne ƙirar Peugeot, irin waɗanda kamfanin PAN na Kaduna, da ya fara aiki a 1975, ya cika ƙasar nan da su. Injinsu kan daɗe yana aiki, amma jikinsu kan riga shi mutuwa, kuma sabon ɓangaren jiki na irin waɗannan motoci ya yi wuyar samu.

Tsatsa ce babbar abokiyar gaba. Wannan yanki, musamman wajen dajin Falgore, ya fi arewacin jihar samun ruwan sama. Laka kan maƙale a ƙarƙashin mota ta riƙe danshi, takin zamani da ya zube a bayan mota kuwa yana gaggauta cin ƙarfe. Daga nan sai daɓen motar da gindin ƙofofi su fara hujewa.

Ƙwararren mai gyaran jikin mota yakan fara da yanke wurin da ya ruɓe har sai ya isa lafiyayyen ƙarfe. Sai ya ɗauki siffar gurbin da kwali, ya zana ta a kan fallen ƙarfe irin wanda ake saya a kasuwar Ƙofar Ruwa, ya yanke, ya yi ta bugu da guduma har ya lanƙwashe daidai da asalin. Kaurin fallen jikin ƙaramar mota bai cika wuce milimita 1 ba, saboda haka zafin walda na iya murɗe shi. Shi ya sa gwani ke ɗiga walda nan da can, yana barin ƙarfen ya huce kafin ya haɗe layin. Daga ƙarshe a goge, a shafa fentin kariya ciki da waje.

Akwai kuma aikin ganin ido, wanda ya fi arha: a liƙa falle a kan tsatsa, a cika da fila, a fesa fenti. Motar za ta yi ƙyalli, amma tsatsar na ci gaba da ci ta ciki, kuma sau da yawa damina ɗaya ko biyu ke tona asiri. Mai sayen tsohuwar mota na iya gwadawa da maganaɗisu: inda fila ta yi kauri, ba zai kama sosai ba.

Hatsarin ya fi girma idan gyaran ya taɓa shasi ko ginshiƙan da ke riƙe rufi, domin su ne ke kare fasinja ranar karo. Haka nan ƙara wa bayan mota tsawo ko tsayi don ta ɗauki ƙarin buhuna yana ɗora wa birki da tayoyi nauyin da ba a yi su dominsa ba. Don haka ya kamata mai mota ya je ya duba aikin da idonsa tun ƙarfen na tsirara, kafin a shafa fila da fenti.