Matsalar Keɓaɓɓun Kalmomi Wajen Bayanin Na'urorin Ciwon Suga: Misali Daga Nguru da Gashuwa

1.0 Gabatarwa

Nguru da Gashuwa garuruwa ne a arewacin Jihar Yobe. Mangawa ne suka kafu a Nguru, Badawa kuma a Gashuwa, amma Hausa ce harshen kasuwa, kuma galibi da ita ma'aikacin lafiya yake yi wa majinyaci bayani a wurare irin su Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Nguru. Yankin ya yi ƙaurin suna wajen yawan ciwon ƙoda. Wannan ya shafi mai ciwon suga, domin idan ƙoda ta raunana insulin yakan daɗe a jiki, har suga ya faɗi fiye da kima. Manufar wannan maƙala ita ce duba kalmomin da za a bayyana wa irin wannan majinyaci sababbin na'urori biyu da su.

2.0 Na'urorin

Tun da aka gano insulin a Toronto ta Kanada a 1921, allura ce babbar hanyar ba da shi. Na'ura ta farko takan ɗura shi kaɗan-kaɗan dare da rana ta wani siririn bututu da ake sakawa ƙarƙashin fata, a sauya shi bayan kwana 2 ko 3. Ta biyu kuwa awo take yi ba yankewa. An fara amincewa da irinta a Amurka a 1999, kuma samfurin FreeStyle Libre da ake mannawa a dantse yakan yi kwana 14. Dukkansu suna da tsada ƙwarai.

3.0 Kalmomin

Fassarar da ta fi saurin zuwa baki ita ce "famfon insulin". Sai dai ga Bahaushe famfo abu ne da ake buɗewa a ɗebi ruwa a rufe. Wanda ya ɗauki wannan ma'ana zai iya cire na'urar ya kwana, alhali insulin mai gajeren zango kaɗai ke cikinta, kuma yankewarsa na 'yan sa'o'i kan jawo jini ya yi tsami har a kai ga suma. "Na'urar ɗura insulin" ta fi dacewa.

Kalmar "suga" ita ma baki biyu gare ta: wanda ake zuba wa shayi da wanda ke cikin jini. Shi ya sa majinyaci kan ƙaurace wa na shayi ya sake jiki da tuwo da fura da shinkafa, waɗanda duk suga suke komawa. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne ya ƙi shan zaƙi a lokacin da awo ya sauka ƙasa da 70, wato daidai lokacin da zaƙin ne magani. Ita ma 70 ɗin sai an faɗi ma'auninta, don a ɗaya ma'aunin 3.9 ce, da 18 ake rabawa.

Haka kuma kuskure ne a kira na'ura ta biyu "mai gwada jini". Ruwan da ke ƙarƙashin fata take aunawa, shi kuwa yana bin sawun jini a baya da 'yan mintoci. Saboda haka kibiyar da ke kan allonta, mai nuna ko suga yana hawa ko yana gangarawa, tana da muhimmanci kamar lambar. A nan Hausa ba ta gaza ba: bambancin "ya sauka" da "yana sauka" ya wadatar, muddin mai bayani ya kiyaye shi.

Akwai kuma kalmar "lalacewa". Insulin yana son sanyin ma'auni 2 zuwa 8 kafin a buɗe shi, zafin bazara a wannan yanki kuwa yakan haura 40, ga na'urar manne da jiki. Bahaushe yakan gane lalataccen abu ta wari ko sauyin launi, kamar nono ko miya. Insulin da zafi ya taɓa yana iya zama garau a ido alhali ba ya aiki sosai, don haka "ƙarfinsa ya ragu" ya fi isar da saƙon.