Fenti Launi Ɗaya: Lissafin da Masu Gidajen Haya a Kafanchan Ya Kamata Su Yi

KAFANCHAN: Tun daga shekarar 2023, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, ta kuma bar kasuwa ta yanke wa Naira daraja, kayan gini suka yi tashin gwauron zabi, kuma fenti yana cikinsu. Dalili kuwa shi ne, ko da yake kamfanoni irin su Berger Paints da CAP mai yin Dulux suna haɗa fentinsu a nan gida, farin sinadarin da ke ba fenti ƙarfin rufe bango daga waje ake shigo da shi, da kuɗin ƙasashen waje. Ga kuma kuɗin dako daga Legas zuwa kudancin Jihar Kaduna.

A cikin wannan hali, zaɓen launin da za a shafa wa gida ya wuce zancen ado, ya zama zancen jari. Abin ya fi shafar masu gidajen haya a Kafanchan, Zonkwa, Fadan Kaje da Kagoro, inda ɗalibai da ma'aikata suke yawan shiga da fita saboda reshen Jami'ar Jihar Kaduna da makarantar koyon aikin jinya da ke Kafanchan, da kuma Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. Duk lokacin da ɗan haya ya tashi, sai an sabunta ɗaki kafin wani ya shiga.

Hanyar da ta fi sauƙin kuɗi ita ce a shafe dukan ɗakunan gida da launi guda mai haske, kamar ruwan madara ko fari mai ɗan ratsin toka. Ga yadda lissafin yake. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi yana da bango kimanin murabba'in mita 40, bayan an cire ƙofa da taga. Shafi biyu ya zama 80. In aka ɗauka cewa lita ɗaya tana rufe murabba'in mita 8, ɗakin zai ci lita 10. Gida mai ɗaki huɗu zai ci lita 40, wato bokiti biyu masu lita 20. Amma idan kowane ɗaki da nasa launin, tilas a saya wa kowanne galan uku masu lita 4, jimla galan 12, wato lita 48. Rarar lita 8 ɗin nan ta rabu kashi huɗu, ba wanda zai yi amfani a ɗakin wani. Bugu da ƙari, lita a galan ta fi lita a bokiti tsada.

Ribar ba ta tsaya a ranar saye ba. Mai fenti ba ya ɓata lokaci wajen wanke burushi da sauya launi, saboda haka aiki yana saurin ƙarewa. Idan bango ya ɗan goge bayan shekara guda, ragowar bokiti ɗaya ta isa a yi gyara a kowane ɗaki. Har ila yau, rufe launi mai duhu kamar shuɗi ko kore yakan buƙaci shafi uku ko fiye, alhali ruwan madara a kan ruwan madara sau da yawa shafi ɗaya ya wadatar. Kuma ɗan haya ba ya ƙin ɗaki don bangonsa ruwan madara ne, domin yana karɓar kowane irin labule da kujeru.

Akwai kuma batun haske. Farin bango yana mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa, mai duhu kuwa yana shanye mafi yawansa. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas, ɗaki mai haske yana wadatuwa da hasken taga da rana, da dare kuma ƙwai ɗaya ko fitila mai caji ta isa. Wannan ba baƙon ilimi ba ne: da farar ƙasa iyayenmu suke shafe ɗakunansu tun kafin zuwan fentin gwangwani.

Sai dai fa yankin yana da nasa sharuɗɗan. Damina a Kafanchan takan kama daga watan Afrilu har Oktoba, ruwa kuma mai yawa ne, ga jar ƙasa da ke manne wa ƙafa da bango, ga ƙurar hunturu. Fari sol yakan tona datti da wuri, shi ya sa ruwan madara ya fi dacewa. A zaure da kicin da ɗakin yara, yana da kyau a shafa fenti mai mai daga ƙasa zuwa kamar ƙafa huɗu, domin ana iya goge shi da tsumma. Uwa-uba, babu launin da ke maganin danshi. Bangon da ke jan ruwa daga tushe ko rufin da ke yoyo zai kumbura fenti ya ɓare shi, komai tsadarsa. A fara gyara wannan, a bar sabon siminti ya bushe na tsawon makonni huɗu, a kuma yi aikin da rani.

Ga 'yan kasuwar fenti kuwa, darasin shi ne launuka masu haske ba sa kwantai a shago kamar masu duhu. Mai gida kuma ya sayi abin da zai ishe shi a lokaci guda, ya rubuta sunan kamfani da lambar launin ya adana, domin ruwan madarar wannan kamfani ba lalle ya yi daidai da na wancan ba. In da rara, a rufe bokiti sosai a ajiye a inuwa har ranar da ɗan haya na gaba zai karɓi makulli.