Ƙafar da Aka Yanke Tana Ƙaiƙayi

Mutumin da aka yanke wa ƙafa, ko sanadin haɗarin kabu-kabu, ko ciwon sukari, ko ɗorin karaya da ya matse har nama ya ruɓe, yakan farka cikin dare yana jin babban yatsan ƙafar yana masa ƙaiƙayi. Ya kai hannu zai sosa, sai ya taɓa katifa. Galibin waɗanda suka rasa gaɓa suna jin haka, da yawa ma zafi suke ji, kamar ƙuna ko suka.

Ambroise Paré, likitan sojojin Faransa, ya bayyana lamarin tun ƙarni na 16. A 1871 Silas Weir Mitchell, wanda ya yi jinyar sojojin yaƙin basasar Amurka, ya raɗa masa sunan da ke nufin fatalwar gaɓa. Tushensa yana cikin ƙwaƙwalwa: kowane sashe na jiki yana da gurbinsa a can, kuma wuƙar likita ba ta kaiwa wannan gurbi. Jijiyoyin bakin dungu su ma sukan ci gaba da aika saƙo.

Zullumin yana tsananta ne wajen faɗa. Yaya mutum zai ce wa matarsa "ƙafata tana ciwo", alhali tana kallon wurin babu kome? Jimlar ba ta saɓa wa nahawu ba, amma mai sauraro zai ɗauke ta maganar taɓin hankali, ko ya ce shafar aljanu ce. Hausa tana da fargaba, da damuwa, da tashin hankali. Wannan jin ne ba shi da sunan da kowa ya sani. Sai majinyaci ya yi gum. Shirun ya haɗu da tunanin gona da cin ƴaƴansa, da tsoron ranar da za a fara kiransa gurgu, barci ya ƙaurace masa.

A ganina, kalmar fatalwa ba ta dace da bakin gadon marar lafiya ba, tsoro za ta ƙara. Gara likita ya gaya masa tun kafin aiki cewa zai iya ci gaba da jin ƙafar, kuma hankalinsa lafiya lau.

Ga zafin kuwa, akwai dabarar madubi da Ramachandran ya fito da ita a shekarun 1990: a tsayar da madubi ya rufe dungun, mutum ya riƙa motsa lafiyayyar ƙafar yana kallon hotonta, ƙwaƙwalwa ta ga ƙafa biyu. Wasu sukan sami sauƙi, wasu ba sa samu.