KAKAR MASARA DA TSOHON INJI

An shirya wannan 'yar takarda domin hakimai da magatakardansu, musamman na ƙasashen da masara ta zama abin dogaron talakawa, kamar su Saminaka da Soba da Giwa a Jihar Kaduna, da Funtuwa da Bakori da Ɗandume a Jihar Katsina. Nufinta shi ne ta bayyana wahalar da ƙaramin manomi ke sha a lokacin kaka, da dalilin da ya sa wanda ya yi noma mai kyau ya kan tashi da hasara a ƙofar rumbu, da kuma abin da shugabannin ƙasa za su iya yi a kai.

ASALIN AL'AMARIN

Dattawa sun sani a da masara abar bayan gida ce. A kan shuka 'yar kaɗan inda a ke zuba toka da takin dabbobi, a gasa a ci da marka kafin gero ya nuna. Al'amarin ya sake ne daga shekara ta 1975, sa'ad da aka buɗe manyan ayyukan raya noma a Funtuwa da Gusau da Gwambe da taimakon Bankin Duniya. Aka kawo takin zamani, aka yi hanyoyin karkara, aka baza irin farar masara mai suna TZB wanda aka samo daga Cibiyar Binciken Noma ta IITA da ke Ibadan. Daga baya Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fito da ire-iren da a ke kira SAMMAZ. Cikin 'yan shekaru masara ta kori dawa daga gonaki da yawa.

To, amma yawan amfani ya zo da nasa nauyi. Turmi da taɓarya da sanda sun isa ga damin gero na gida, ba su isa ga buhu ashirin ko talatin na masara ba. Saboda haka mai eka uku ko biyar, wanda ba shi da ƙarfin sayen inji, tilas ya jira na haya. Injunan da ke karkara kuwa galibinsu tsofaffi ne: taraktocin Massey Ferguson, da Fiat waɗanda aka taɓa harhaɗawa a Kano, da Steyr waɗanda aka taɓa harhaɗawa a Bauci, sai kuma injin casa ƙirar masu walda na gari. Karyar masara da ɓare bawonta har yanzu aikin hannu ne a ƙaramar gona. Inji ba ya shigowa sai wajen jigila da casa, a nan ne kuwa yawancin hasara ke aukuwa.

NUNA DABAN, BUSHEWA DABAN

Abu na fari da ya kamata a fahimta shi ne, masarar da ta nuna ba ita ce busasshiya ba. In aka ɓanɓaro ƙwaya daga tsakiyar zangarniya aka ga baƙin ɗigo a gindinta, to, ta gama ƙosawa, ba abin da za ta ƙara samu daga kara. Amma a ran nan wajen kashi 30 cikin ɗari na nauyinta ruwa ne. Ba ta isa ajiya ba sai ruwan ya sauka zuwa kashi 13 ko ƙasa da haka.

Irin masara mai sauri ya kan nuna cikin kwana 90 zuwa 95, mai nauyi kuwa sai ya kai kwana 120. Wanda ya shuka mai sauri a watan Yuni, masararsa za ta nuna a Satumba, ruwa bai ɗauke ba. A nan manomi ke shiga tsaka mai wuya. In ya bar ta a gona, kara ya faɗi, gara da ɓera da ɓarayi su ci rabonsu, ruwa kuma ya shiga ta bakin zangarniya. In ya karya da wuri, ba shi da rana isasshiya ta shanya. Ga kuma waken suya da shinkafa da gyaɗa duk sun taso gaba ɗaya, 'yan ƙwadago sun yi tsada, mai bashin taki yana ta aike.

Akwai dabara tsohuwa mai amfani ga wanda bai shirya karya ba: a lanƙwasa karan daga ƙasan goyo, bakin zangarniya ya dubi ƙasa, ruwa ya riƙa zubewa ta kan bawo. Wadda aka karya kuwa a shanya ta a kan tampol ko daɓen siminti, ba a kan turɓaya ko bakin kwalta ba, a riƙa juyawa, a rufe da dare saboda raɓa.

Sanin bushewa ba ya bukatar na'ura. A sami kwalba busasshiya, a zuba ƙwayar masara da ɗan gishiri busasshe, a toshe, a girgiza sosai, a ajiye kaɗan. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi. In bai manne ba, ta bushe.

YADDA INJIN CASA KE AIKI

Injin casa ba shi da wani asiri. A cikinsa akwai ganga ta ƙarfe mai haƙora, tana juyawa a cikin rariya mai huji. Haƙoran suna bugun zangarniya suna goga ta a jikin rariya, ƙwaya ta faɗo ta hujin, totuwa ta fita ta wani baki, fanka kuma ta hure ƙaiƙayi. Abin da ke juya gangar ƙaramin inji ne mai shan gas ko fetur, ta hanyar bel, ko kuwa ƙarfen da ke juyawa a bayan tarakta.

Kowane ciwo na tsohon inji yana da alamarsa a jikin masara, wanda ya san alamun ba sai ya zama makanike ba.

In haƙora sun cinye, ko ratar da ke tsakanin ganga da rariya ta yi faɗi, za a ga totuwa tana fita da sauran ƙwaya a jikinta. In bel ya saki yana zamewa, ganga ta rage gudu, haka nan za a gani. In kuwa mai inji ya ƙara wuta domin ya gama da sauri ya tafi wata gona, sai ƙwaya ta riƙa farfashewa. In rariya ta yage, guntayen totuwa su bi masara cikin buhu, mai saye a kasuwa ya rage kuɗi. In boris ya bushe babu giris, zai yi ƙara ya yi zafi, in ba a tsaya ba ya kama, aiki ya mutu. Ƙurar casa kuma tana toshe matatar iska, inji ya yi ta baƙin hayaƙi yana shan mai ba ƙarfi.

Mafi muni duka shi ne a zuba wa inji ɗanyar masara. Ƙwaya mai danshi tana riƙe da totuwa gam, ba ta fita sai da ƙarfi, ƙarfin nan kuwa shi ke murƙushe ta. Sau da yawa a kan ɗora wa tsufan inji laifi, alhali kuwa laifin na gaggawa ne. Manomi ya san masararsa ba ta bushe ba, amma inji ya zo ƙauyen yau, bai san ran da zai komo ba, sai ya ce a casa hakanan.

Ga misali domin lissafi. A ɗauka buhu yana cin tiya 40, manomi kuma ya sami buhu 20. In tiya biyu kawai ta salwanta a kowane buhu, tsakanin wadda ta bi totuwa da wadda ta farfashe da wadda ta watse a ƙasa, to, buhu guda cur ya tafi. Har wa yau, buhun kilo 100 da aka ɗinke da danshi kashi 20, in ya bushe zuwa kashi 13 ba zai wuce kilo 92 ba. Wannan ramar ita ce tushen yawancin rigimar da a ke kai wa gaban hakimi tsakanin manomi da ɗan kasuwa, kowa yana rantsuwa an cuce shi.

GUBAR DA BA A GANI

Hasarar kuɗi ƙarama ce a kan hasarar lafiya. Fasasshiyar ƙwaya mai danshi ita ce gidan funfuna, wata funfunar kuwa tana haifar da guba mai suna afalatoksin. Dafuwa ba ta kashe gubar nan, niƙa ba ya kawar da ita, sau da yawa ma ido ba ya ganinta. Cinta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru yana lalata hanta har ya kai ga ciwon daji, yana kuma tsumburar da yara. Cinta da yawa gaba ɗaya yana kisa: a shekara ta 2004 mutum 125 suka mutu a ƙasar Kenya saboda cin masarar da aka ajiye da danshi. Kaji ma tana kashe su, shi ya sa manyan masu haɗa abincin kaji su kan gwada masara kafin su saya.

Tsutsar nan mai cin masara da ta bayyana a Nijeriya a shekara ta 2016 ta ƙara wa al'amarin nauyi, gama tana huda zangarniya tun a gona, funfuna ta sami ƙofa. Saboda haka wajibi ne a tsince ruɓaɓɓun zangarku a ware su kafin a zuba a inji. In aka casa su tare da masu kyau, an gauraya ke nan, ba mai iya rabawa. Kada a ba yara, kada a ba dabbobi.

Wajen ajiya, buhun nan mai ruɓi uku da a ke kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro aka fara baza shi a 2007 domin wake, yana yi wa masara amfani. Ledoji biyu na ciki suna hana iska shiga, ƙwari su mutu ba tare da magani ba. Sharaɗinsa ɗaya ne, masara ta bushe sarai. Ƙwayar maganin nan mai fitar da iska mai guba kuwa, kada a kuskura a sa ta a buhun da ke ɗakin da mutane ke kwana.

HATSARI A MASUSSUKA

Yawancin tsofaffin injuna sun rabu da murfin bel tun tuni. Babbar riga da gyale da rawani mai jela ba su da wuri kusa da bel ko ƙarfen bayan tarakta. In totuwa ta cushe, a kashe inji ƙurmus kafin a sa hannu. A nisanta yara. Kada a zuba mai inji yana tafiya, a kuma kau da busasshen bawo daga bakin salansa, gama tartsatsi guda ya isa ya cinye noman shekara. Tsohuwar tarakta mai raunin birki kada a labta wa tirelarta kaya, balle a ɗora mutane a bisa buhuna.

ABIN DA A KE BUKATA GA HAKIMAI

Hakimi ba shi ne zai gyara inji ba, amma shi ne mai ikon tara mutane tun lokaci bai ƙure ba. Ga abin da ya kamata:

1. A watan Agusta magatakarda ya rubuta kowane injin casa da kowace tarakta da ke gundumar, ta bakin dagatai da masu unguwa: na wane ne, a wane ƙauye, mai lafiya ne ko matacce.

2. Kafin ƙarshen watan a kira masu injuna da makanikai da masu walda, a hore su su sake baƙin mai, su wanke matata, su yi wa haƙora ciko, su gwada inji da ɗan abin da ya rage na bara. Kowane mai inji ya tanadi bel da boris na ko-ta-kwana, gama da kaka kayan gyara su kan yi wuya, tafiya birni neman boris guda kuma ta kan ci kwana biyu.

3. A tsara layi ƙauye-ƙauye, a sanar a kasuwa da masallatai. Manomin da ya tabbata inji zai komo ran kaza ba zai casa ɗanya ba. Wannan shi ne mafi girman amfanin da hakimi zai yi.

4. Ƙananan manoma su haɗa masararsu a masussuka guda, kowa da tsibinsa. Tun da aka janye tallafin fetur a shekara ta 2023 kuɗin jigila ya hau, mai inji ba ya son tafiya mai nisa domin buhu biyar. In ya ji buhu ɗari na jiransa a wuri guda, da kansa zai zo.

5. A yanke ladan casa da girman buhu a gaban shaidu kafin a tayar da inji. Manomi yana da ikon duba totuwar farko, in ya ga ƙwaya a jikinta ya ce a tsaya a gyara.

6. A zauna da ardo-ardo a sa ranar da dabbobi za su shiga gonaki cin kara, kada ta riga ranar da layin casa zai ƙare. Haka kuma a hana sa wa daji wuta sai an kwashe amfani.

7. Bayan kaka magatakarda ya rubuta inda inji ya mutu, da dalili, da kwanakin da aka yi ana jira, a ba malamin gona. Littafin bana shi ne zai nuna inda za a fara gyara baɗi.

Sabon inji abin so ne, amma ba kowane ƙauye zai same shi nan kusa ba, masara kuwa ba ta jira. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma a ke magani. Tsohon injin da aka gyara da marka, aka ba shi busasshiyar masara, aka tsara masa layi, zai fitar da talaka kunya. A na roƙon hakimai su sa a karanta wannan bayani a gaban dagatai da masu unguwa, su kuma su isar ga jama'arsu tun masara tana goyo.