Dusashewar Tsofaffin Kuɗi: Wadda Ake Wankewa da Wadda Ake Bari

A shagunan masu sayar da kayan tarihi akan tarar da kwano cike da anini, da ɗari, da kwabo mai huji, kuɗin da aka kashe kafin zuwan naira a 1973. Waɗanda suka dusashe su ne masu araha. Mai saye kuwa da ya isa gida sai ya ɗauko toka da lemun tsami. Nan ne asarar take.

Dusashewa iri biyu ce. Ta farko dauɗa ce da ta zauna a bisa ƙarfen: maiƙon yatsu, ko wani kore-kore mai danƙo da ledar PVC mai laushi ke fitarwa idan kuɗi ya daɗe a cikinta. Wannan tana fita. A jiƙa kuɗin cikin ruwan asiton tsantsa, a bar shi ya bushe ba tare da an goge ba. A yi nesa da wuta, domin asiton yana kamawa nan take.

Ta biyu kuwa fuskar ƙarfen ce da kanta ta sauya. Azurfa takan haɗu da farar wutar da ke cikin iska, iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda wasu ƙwayoyin bakteriya ke fitarwa, sai ta yi baƙi. Gishirin zufa ma yana cin jan ƙarfe har ya bar zanen yatsa. Duk mai kankare wannan, ƙarfen yake kankarewa tare da rubutunsa. Masu tara kuɗi suna gane ƙananan ƙarce-ƙarcen da gilashin ƙara girma, kuma nan da nan sukan karya farashin.