Jirgin da zai buge ka ba ya motsi a ido

Da hantsin 7 ga Yuli, 2015, wani ƙaramin jirgi ƙirar Cessna 150 ya tashi daga garin Moncks Corner a jihar Karolina ta Kudu, ɗauke da uba da ɗansa. Ba su yi nisa ba jirgin yaƙi F-16 na sansanin Shaw, wanda ke atisayen sauka a Charleston, ya yi karo da su. Kujerar matuƙin sojan ta cillo shi waje, ya sauko da laima. Uba da ɗa kuwa ba su kai labari ba.

Ba dare ba ne, yanayi ma bai hana gani ba. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta ɗora laifin a kan jami'in kula da zirga-zirgar jirage, wanda umarninsa bai raba jiragen biyu ba. Sai dai ta ƙara da wani abu da ya fi tsaya mini a rai: tsohuwar ƙa'idar nan ta cewa kowane matuƙi ya duba da idonsa ya kauce tana da iyaka.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A sararin sama bai sani ba. Idan jirage biyu suka miƙe za su haɗu a wuri ɗaya, kowanne yana tsayawa cak a gilashin ɗan'uwansa, kamar ɗigon datti. Ido kuwa motsi yake kamawa. Ɗigon nan zai yi ta zama ɗan mitsitsi, sai a daƙiƙun ƙarshe ya kumbura ya cika gilashi. Hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta ƙiyasta cewa daga hango jirgi zuwa gane haɗari, yanke shawara da karkatar da naka, ana buƙatar daƙiƙa 12.5. To, a ce tazarar da ke tsakaninku tana raguwa da gudun kilomita 900 a sa'a: cikin wannan ɗan lokaci an cinye fiye da kilomita 3. Ga kuma launin toka da ake shafa wa jiragen yaƙi, wanda dama don kada a gan su aka zaɓe shi.

Doka ma ta bar ƙofa a buɗe. Ƙasa da ƙafa 10,000, ba a yarda jirgi ya wuce gudun kusan kilomita 460 a sa'a ba, amma a hanyoyin horon soja an ɗage wannan. Akwai kuma yankunan atisaye da aka zana a taswirar matuƙa, waɗanda mai jirgin kansa da ke tafiya da ido yake da ikon ratsawa ba tare da izinin kowa ba. A ciki ɗaliban sansanoni irin su Laughlin a Teksas da Vance a Oklahoma suke koyon juyi da lulawa sama da jiragen T-6 da T-38. Ɗalibi hankalinsa na kan darasi, malami na kan ɗalibi. A ganina, wanda ya kutsa nan ba tare da ya kira ta rediyo ya ji ko ana atisaye ba, doka na bayansa, amma ganganci ya yi.

Idan jirage suka gifta juna da tazarar da ba ta kai ƙafa 500 ba, FAA na lissafa shi a matsayin tsallake rijiya da baya. Matsalar ita ce galibi sai matuƙi ya kai rahoto, kuma wanda bai ga komai ba, me zai faɗa?

Tun 1 ga Janairu, 2020, aka wajabta wa jiragen da ke shiga sararin da ke da cunkoso na'urar ADS-B, mai shelanta inda jirgi yake da tsayinsa. Ta taimaka ƙwarai, amma ba ko'ina ake buƙatarta ba, kuma an bai wa soja damar kashe tasu a wasu ayyuka. Jirgin soja mai saukar ungulu da ya yi karo da jirgin fasinja a kan kogin Potomac ranar 29 ga Janairu, 2025, inda mutum 67 suka rasu, horo ya fita, kuma tasa na'urar ba ta aika komai a daren.