AIKIN WAKILI DA OFISHINSA A MAJALISAR DOKOKIN AMURKA

A shekarar 1979 Nijeriya ta koma mulkin farar hula bisa tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko, wanda aka ɗauko samfurinsa daga Amurka. Saboda haka yana da amfani jama'a su san yadda ofishin wakili yake gudanar da aikinsa a can, domin su fahimci abin da ya kamata su nema daga nasu wakilan.

WANE NE WAKILI?

Majalisar Dokokin Amurka kashi biyu ce: Majalisar Dattijai mai kujeru 100, da Majalisar Wakilai mai kujeru 435. Ana raba kujerun wakilai ga jihohi gwargwadon yawan jama'arsu, bisa ƙidayar da ake yi kowace shekara 10. Bayan ƙidayar 1920 ba a sake rabon ba, sai a 1929 aka kafa dokar da ta tsayar da adadin a 435. Bisa ƙidayar 2020, jihar Kalifoniya tana da wakilai 52, ita kuwa Alaska ɗaya tak gare ta. In an daidaita lissafi, kowane wakili yana tsayawa a madadin mutum kimanin 760,000. Wajibi ne mai neman kujerar ya kai shekara 25, ya shekara 7 yana ɗan ƙasa, ya kuma kasance mazaunin jihar da zai wakilta. Wa'adinsa shekara 2 ne kawai, watau ba ya daɗewa kafin ya koma gaban masu zaɓe.

OFIS BIYU

Wakili yana da ofis a Washington kusa da ginin majalisa, yana kuma da ɗaya ko fiye a mazaɓarsa. An yarda masa ya ɗauki ma'aikata na dindindin har 18, kuma baitulmali ne yake biyan albashinsu da kuɗin haya da na tafiye-tafiye. Ma'aikatan Washington sun fi mai da hankali ga dokoki, na mazaɓa kuwa ga koke-koken jama'a. Haramun ne a yi amfani da kuɗin ofis ko kayansa wajen yaƙin neman zaɓe.

AIKIN YIN DOKA

Idan wakili yana da shawarar doka, ma'aikatansa sukan yi bincike, lauyoyin majalisa su tsara ta a rubuce, sa'an nan ya jefa ta cikin wani akwati da aka ajiye a zauren majalisa. Daga nan sai a ba ta lamba, a miƙa ta ga kwamitin da abin ya shafa. A kwamiti ne ake sauraron masana da jami'an gwamnati, a yi gyare-gyare, kuma a nan ne yawancin shawarwari suke mutuwa. Cikin kowane wa'adi na shekara 2 akan gabatar da fiye da 10,000 a majalisun biyu, amma 'yan ɗaruruwa ne suke zama doka.

Wadda ta tsallake kwamiti sai ta sami rinjaye a zaure, watau ƙuri'a 218 in kowa ya halarta. Haka kuma sai Majalisar Dattijai ta amince da ita kalma da kalma. Shugaban ƙasa yana da kwana 10, ban da Lahadi, ya sa hannu ko ya mayar da ita. In ya mayar, ba ta zama doka sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun sake amincewa. Abin lura kuma, duk dokar tara haraji daga Majalisar Wakilai take farawa.

HIDIMAR MUTANEN MAZAƁA

Wannan shi ne aikin da talaka ya fi gani. Tsohon sojan da haƙƙinsa ya maƙale, da gwauruwar da fanshonta ya tsaya, da matafiyin da fasfonsa ya yi jinkiri, duk suna iya kai kuka ofishin wakilinsu. Bisa wata doka ta 1974 mai kare sirrin mutane, sai mai kuka ya ba da izni a rubuce kafin hukuma ta nuna wa ofishin bayanansa. Daga nan ma'aikaci ya tuntuɓi hukumar, ya bi sawun takardar har a ba da amsa. Ba a biyan ko kwabo, kuma ba a tambayar mutum jam'iyyarsa. Bugu da ƙari, wakili yana gabatar da sunayen matasa ga makarantun horar da hafsoshin soja, yana amsa wasiƙun jama'a, yana kuma kiran taro a garuruwa domin jin ra'ayinsu.

Sai dai ikonsa yana da iyaka. Ba ya umartar hukuma ta karya ƙa'ida saboda wani, ba ya kuma tsoma baki cikin shari'ar da take gaban kotu. Amma in kuka iri ɗaya ya yawaita, wannan alama ce cewa dokar tana da gyara, sai ya kai maganar kwamiti. Ta haka ayyukan nan biyu suke taimakon juna.

ABIN DA YA SHAFI 'YAN NIJERIYA

Tsarin Mulkin 1999 ya ba Nijeriya wakilai 360 da dattijai 109, masu wa'adin shekara 4. Ya kuma ba masu zaɓe wani iko da Amurkawa ba su da shi a kan 'yan majalisar tarayya, watau kiranye: in fiye da rabin masu rajista a mazaɓa suka sa hannu a takardar ƙorafi zuwa ga hukumar zaɓe, sai a yi ƙuri'ar raba gardama a kan kujerar.

Don haka ana kira ga kowane ɗan ƙasa ya san sunan wakilinsa da inda ofishinsa yake, ya rubuta kukansa a taƙaice tare da kofen takardunsa, ya kuma bi diddigin yadda wakilin yake jefa ƙuri'a a majalisa. Wakili ɗan aiken jama'a ne, kuma wanda ya yi aike shi yake da haƙƙin tambayar saƙonsa.